Yadda Ake Gyaran Tamfol ɗin Mota Idan Ya Yage

Masara muka ɗauko daga Tudun Hatsi a nan Gombe za mu kai Bauchi, damina ta fara kankama. Tun a wurin lodi yaron mota ya nuna mini wata 'yar yaga da ba ta fi tsawon yatsa ba, daidai inda tamfol ya hau kan kusurwar bodi. Na ce ya manna mata salatif mu kama hanya. Kafin mu kai Alkaleri hadari ya haɗo, iska ta riƙa shiga ƙarƙashin tamfol tana ɗaga shi tana makawa. Da muka tsaya dubawa, salatif ya daɗe da tafiya abinsa, yagar kuma ta zarce kamu guda, buhunan saman layi sun sha ruwa sharkaf.

Da na dawo gida na kai shi wurin wani dattijo mai ɗinkin tamfol. Bai ko kalli girman yagar ba. Ya murza gefen da yatsu biyu, ya ce, "Ɗana, ba ruwa ne ya cuce ka ba, iska ce. Ruwa ƙofa kawai ya tarar a buɗe." Na ce, "Baba, to wane gam zan saya?" Ya ce in fara sanin abin da zan manna tukuna. Daga zaman da na yi a gindin rumfarsa, da kuma ɓarnar da na yi ta yi da hannuna a baya, na tattaro abin da ke biye.

Fara da sanin irin tamfol ɗin da ke hannunka

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, domin duk abin da aka rufe kaya da shi tamfol muke ce masa, alhali iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa.

Akwai mai nauyin nan mai santsi da sheƙi, wanda tireloli da motocin siminti daga Ashaka ke rufa da shi. Zare ne aka saƙa a tsakiya, aka lulluɓe shi gaba da baya da robar da ake kira PVC. Idan ka dubi bakin yagar za ka ga fararen zaruruwa sun leƙo daga tsakanin roba. Wannan yana karɓar gam ɗin da aka yi dominsa, yana kuma karɓar zafi.

Akwai na leda, mara nauyi, shuɗi ko mai ratsi, wanda saƙarsa ke kama da ta buhun taki, yana ƙara kacau-kacau idan ana naɗe shi. Shi ne ya fi yawa a kan a-kori-kura da rumfunan kasuwa saboda araha. Wannan kusan babu gam ɗin kasuwa da ke kama shi da gaske. Za ka manna ya yi kamar ya zauna, kwana biyu ka ɗaye shi da farce.

Sai na kanfas, yadin auduga mai kauri, ruwan toka ko kore-kore, wanda tsofaffin direbobin gingimari suka fi yarda da shi. Shi ɗinki yake so.

In ka yi kokwanto tsakanin na farko da na biyu, yanki ɗan ƙanƙani daga gefen da ya riga ya lalace ka jefa a kofin ruwa, ka danna shi ya jiƙe sosai. Na leda zai taso sama, na PVC zai nutse. Wasu suna kanga wa guntun ashana: na leda yana ɗiga kamar kyandir yana warin kyandir, na PVC yana hayaƙi mai yaji a hanci kuma yakan mutu da kansa idan ka janye wutar, kanfas kuwa warin takarda mai ƙonewa yake, ya bar toka. Ni na fi son gwajin ruwa, don hayaƙin PVC ba abin shaƙa ba ne.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada ƙarfin jikin tamfol ɗin a wani wuri nesa da yagar. Kama shi da hannu biyu ka ja, ka danna babban yatsa da ƙarfi. Idan na leda ya bar maka farin gari a hannu, ko na PVC ya bushe yana tsattsagewa in ka lanƙwasa shi, ko kanfas ya ɓarke ba gardama saboda fumfuna ta cinye shi, to rana da ruwa sun gama da shi. Duk facin da ka sa, gefensa ne zai sake yagewa. Irin wannan a sauke shi daga mota, ya koma shanyar wake a tsakar gida, wuraren da suka rage da ƙarfi a yanke a adana don faci.

Wanki da wurin aiki

Sauke tamfol ɗin ƙasa. Gyara a kan mota, yana ɗaure a miƙe, aikin banza ne. Samu daɓen siminti mai laushi ko faffaɗan katako a inuwa. Inuwar nan ba don jin daɗinka ba ce: a zafin Maris da Afrilu na Gombe, gam yana bushewa kafin ka gama shafa shi, sannan tamfol mai zafi yana miƙewa, in ya huce ya tattare facin. A lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai a shige cikin shago ko gareji mai iska, a yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin don kada ta tashi.

Wanke kewayen yagar gaba da baya da omo da buroshi, faɗin tafin hannu biyu ta kowane gefe. Ɗauraye sosai, don sauran kumfa ma yana hana gam kamawa. Bar shi ya bushe ƙarau. Zaren da ke tsakiyar na PVC yana shan ruwa ta bakin yaga, saboda haka ko saman ya bushe ka ƙara masa lokaci. Daga nan sai ka goge da sifirit a tsumma mai tsabta. Kada ka yi amfani da kananzir ko man gas, maiƙo suke bari, kuma maiƙo da gam ba sa ga maciji.

Tsayar da yagar kafin ka rufe ta

Wannan shi ne abin da ban sani ba ranar Alkaleri. Yaga tana tafiya ne ta bakinta mai tsini, duk ƙarfin iska a wannan ɗan wurin yake taruwa. Nemo inda ta ƙare a kowane ɓangare, ka duba da kyau don takan wuce inda ido ya fara gani, sai ka huda ɗan rami zagayayye daidai wurin, girman ƙwayar wake. Da abin huda bel ake yi, ko a ɗora a kan katako a buga da guntun bututun ƙarfe mai kaifin baki. A na leda da na PVC ƙusa mai zafi ma tana yi, har ta fi, don tana narkar da bakin zaren ya daina warwarewa. Ramin yana raba ƙarfin ja a kewayensa maimakon wuri guda.

Sai ka bi bakin yagar da almakashi ka datse zaruruwan da suka yi gashi-gashi. Kada ka ci jikin tamfol, gashin kawai.

Idan yagar ba ta kai tsawon taƙi ba kuma tamfol na PVC ne, wuce kai tsaye zuwa faci. Idan ta fi haka, ko ta yi kwana kamar ƙugiya, sai an haɗa bakinta da ɗinki tukuna. Ɗauko basilla da zare mai ƙarfi irin na masu gyaran takalma, ka ja shi a kan kakin zuma ko kyandir sau biyu don ya yi santsi ya kuma toshe hanyar ruwa. In kana da zaɓi, zaren foliyesta ya fi na nailan jure rana. Kada ka ɗora baki ɗaya a kan ɗaya, kada kuma ka tattaro su su yi tudu kamar bakin buhu. Kwantar da su su haɗu kai da kai. Soka basilla daga ƙasa ta fito sama a gefen dama, ka shigar da ita ta cikin tsagar, ta sake fitowa sama a gefen hagu, haka har ƙarshe, kamar ɗinkin ƙwallo. Kowace suka ta yi nisan rabin inci daga baki, tazararsu ma kusan haka. Masu gaggawar ganin aiki ya yi kyau sukan matse sukar kurkusa, su mayar da tamfol kamar takardar rasit mai huji-huji, wadda da ka ja ta sai ta rabu a kan layin. Fara ɗinkin ɗan gaba da ramin da ka huda, ka ƙare ɗan bayan ɗayan.

Facin kansa

Faci daga irin jikin tamfol ɗin ake yanka shi, kauri ɗaya ko kusa da haka. Mai kauri sosai a kan mara kauri yana zama kamar katako, tamfol ya riƙa lanƙwasawa a bakinsa har ya karye a nan. Ya zarce yagar da aƙalla inci 2 ta kowace fuska, in doguwa ce inci 3 zuwa 4. Saƙar facin ta bi hanyar saƙar tamfol, kada ka karkata ta.

Kusurwa huɗun nan duk a zagaye su. Ɗora gwangwanin madara a kan kowace ka zana da biro ka yanke. Kusurwa mai tsini ita ce inda iska da igiya da farcen 'yan lodi ke fara samun abin kamawa.

Ƙaramar huda faci ɗaya ta waje ya ishe ta. Babbar yaga biyu take so, ciki da waje, kuma kada su zo daidai da juna. Na ciki ya fi na waje girma da kamar inci guda ta ko'ina, don kada bakunansu su haɗu a layi ɗaya su yi wa tamfol gaɓa.

Yanzu ga na PVC. Ɗora facin a inda zai zauna ka zagaye shi da biro. Goga samfefa mai laushi a cikin zanen da kuma bayan facin, sama-sama, sheƙin kawai kake son kashewa, ba ka kai ga zare ba. Sake gogewa da sifirit. Gam ɗin da ake nema shi ne wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na PVC mai laushi ne, irin na tamfol da ledar kujera. A kula, na bututun famfo ma PVC aka rubuta masa, amma na roba mai tauri ne, yana bushewa ya yi ƙarau, ba zai bi tamfol yana lanƙwasa ba. Sholishon masu faci na tub ɗin taya ne, a kan tamfol ba ya daɗewa. Sufa gulu kuwa mugun abu ne a nan, yana daskarewa kamar gilashi ya tsage, wani lokaci har ya karya wurin. Gam ɗin kafintoci da masu takalma yana riƙewa na ɗan lokaci, amma man da ke cikin robar PVC yana fitowa a hankali ya mayar da shi danƙo, musamman in rana ta buga, sai ka ga facin ya zame.

Shafa gam siriri a fuska biyun, jikin tamfol da bayan faci, har bakin zane. Kada ka lafta, yawan gam ba ƙarfi ba ne. Jira 'yan mintuna, gwargwadon abin da gwangwanin ya ce, har ya zama in ka taɓa da bayan yatsa kana jin danƙo amma bai biyo ka ba. Sa gefe ɗaya daidai kan layi, ka kwantar da saura a hankali, don da ya taɓa ya kama ke nan, babu gyara. Ɗauko kwalbar lemo ka mirgina da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki, kana korar iska, ka fi matsa wa bakin. In faci biyu ne, juya tamfol ka yi ɗaya gefen. Sai ka shimfiɗa leda a kai, ka ɗora katako, ka danne da bulo ko tsohon batir, ka manta da shi har kwana guda. Na san mai mota ba ya son jin wannan, ga lodi na jira, amma facin da aka hau hanya da shi da ɗanyen gam sai an sake shi. Kuma a nisanta gam ɗin daga wuta da taba sigari, yana kamawa nan take.

Wanda ya fi gam shi ne walda da zafi, in akwai mai injin busa iska mai zafi a kusa. Ana zura bakin injin tsakanin facin da tamfol, robar fuska biyun ta narke, a bi da abin mirginawa nan take, su zama jiki ɗaya. Zafin iskar yakan kai digiri 400 ko fiye, don haka hannun da bai saba ba yana iya ƙona tamfol cikin ƙiftawar ido. Alamar ta yi kyau ita ce ka ga ɗan siririn narkakken roba ya fito a bakin facin. In ka ga launin ya koma ruwan ƙasa yana hayaƙi, zafi ya yi yawa. Gwada a kan guntaye biyu tukuna, su huce, ka ja: in robar ta ɗaye daga zare maimakon facin ya rabu, hannunka ya zauna. Tamfol ɗin tirela mai tsada ni wurin masu wannan injin nake kai shi.

Kanfas ba ya buƙatar dogon bayani. Jiƙa sabon yadin facin ka shanya kafin ka yanka, in ba haka ba ruwan farko zai sa ya tsuke ya ja tsohon. Kalmashe bakinsa rabin inci zuwa ciki, ka ɗinke layi biyu kewaye, ɗaya a baki, ɗaya ɗan ciki, sannan layi ɗaya kusa da yagar gefe da gefe. Goga kakin zuma a kan ɗinkin, ka bar rana ta narkar da shi ya shige. Sauran aikin zaren auduga ne zai yi, don yana kumbura in ya jiƙe ya toshe hudar allura.

Na leda, gaskiya, lallaɓa shi ake yi. Sa faci ciki da waje, ka ɗinke su tare da dogayen suka, a keke ko da hannu, sannan ka rufe layin ɗinkin da salatif mai faɗi mai zare a ciki, irin wanda aka yi don tamfol, ba farin nan na kwali ba. Wasu suna bin sa da dutsen guga ta kan takarda don ya narke ya haɗu. Yana yiwuwa, amma tazarar da ke tsakanin narkewa da tattarewa kaɗan ce ƙwarai, na ɓata fiye da wanda na gyara. In yagar ta ratsa tsakiya ta yi tsawon mutum, lissafa kuɗin gyara da na sabo kafin ka wahalar da kanka.

Idan zoben igiya ne ya fita

Sau da yawa yaga daga nan take farawa, an ja igiya da ƙarfi zobe ya tsinke da naman gefen. Kada ka mayar da sabon zobe a tsohon rami. Nemo tsohon bel ɗin kujerar mota a wurin 'yan gwangwan, babu abin da ya kai shi ƙarfi a araha. Yanki kamar taƙi guda, ka naɗe shi ya rungumi gefen tamfol ciki da waje, ka ɗinke shi murabba'i da gicciye a tsakiya, sannan a buga sabon zobe ta cikinsa. In babu abin buga zobe, ka bar bel ɗin ya fito waje ya yi hanci, igiya ta bi ta nan. Sau da yawa wannan hancin ya fi zoben asali daɗewa.

A kan hanya kuwa, inda babu basilla babu gam, samu dutse mai santsi girman ƙwan zabo, ka tura shi daga cikin tamfol ɗan nesa da wurin da ya yage, ka shaƙe wuyansa da igiya ta waje, ka ɗaure a bodi. Zai kai ka gida. Yagar tsakiya kuma, huda bakinta biyu da ƙusa ko wuƙa, shimfiɗa leda ko buhunan wofi a ƙarƙashi, in da hali a juya tamfol ɗin yagar ta koma baya inda iska ba ta dukanta kai tsaye, a ratsa igiya a kanta ta danne.

Kafin ya koma kan mota

Bayan kwana guda, ɗaga wurin facin a kan kujeru biyu ya yi kwari, ka zuba bokitin ruwa, ka bar shi rabin awa, ka leƙa ƙasa. In ka ga ɗigo, yawanci a bakin faci ne ko a hudar allura, sai a bushe a bi da siririn gam.

Sannan ka koma kan motar ka nemo abin da ya yaga shi tun farko, don yana nan yana jira. Shafa hannu a kan bodi: kusurwar ƙarfe, kan ƙusa, walda mai kaifi, katakon da ya tsage. A goge mai goguwa, sauran a naɗe su da guntun tsohuwar taya ko tub. In kayan da kansu ne masu kaifi, kamar kwanon rufi ko rodi, a fara sa kwali ko tsohon bargo. Wajen ɗauri kuma, gaba ake fara tsukewa don kada iska ta sami ƙofa, kuma igiyar roba ta tub ta fi ta nailan tausayin zobe, don tana bayarwa in mota ta faɗa rami. Tamfol ɗin da kake jin yana tafi a bayanka kana tuƙi, cin kansa yake yi, tsaya ka ƙara ɗaure shi.

Rumfar Keke Napep da rigar da ake lulluɓe ƙaramar mota da ita a gida duk wannan hanyar ake bi, da bambanci ɗaya. Rigar mota mai kyau yadinta yana fitar da gumi ne da gangan, don kada laima ta taru ta ci fenti. In ka lafta mata babban facin roba ka toshe wannan numfashin, kuma gefen facin zai riƙa gogar fenti duk lokacin da iska ta motsa. Da irin yadinta ake yi mata faci, ta waje, a keken ɗinki, a bar cikin da laushinsa. Yawancin rigunan suna da jakar da suke zuwa a ciki, yadi ɗaya ne da su, daga nan nake yanka nawa.